Tsoro a Cikin Kwalekwale

A ƙasar Adar, inda dutse ya fi ruwa yawa, mutum yakan tsufa bai taɓa shiga jirgi ba. Ran da irin wannan mutum ya isa tabkin Ɗan Dutsi, wanda aka sanya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, masunta suka ɗauke shi a kwalekwale, abu na farko da zai yi shi ne damƙe gefen jirgin. Da jirgin ya girgiza sai ya zabura zai miƙe. Wannan zabura ita ke kifar da jirgi, domin nauyinsa ya tashi sama ya karkata gefe guda.

Shin tsoro abin zargi ne? A tudu akan ce a'a, tunda mai shi kaɗai yake wahalarwa. Haka ma a kayak, ƙaramin jirgin fata da mutanen Inuwit suka ƙera don farauta, wanda galibi mutum ɗaya yake ɗauka. Kwalekwale kuwa na tarayya ne, firgitar mutum ɗaya tana iya hallaka biyar.

Saboda haka ba a neman baƙon ruwa ya daina jin tsoro, wannan ba a hannunsa yake ba. Abin da ke wuyansa shi ne ya zauna a tsakiya, ya saki jiki, ya bi maganar mai tuƙi ko da sa'an ɗansa ne. Zuciya tana iya bugawa yadda ta so, amma a kan ruwa ƙafa da hannu amanar abokan tafiya ne.