Ajiye Ashana, Ka Ciyar da Ƙasa

Karatu: Luka 13:6-9

A karatunmu na yau Ubangiji Yesu ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba. Mai gona ya gaji, ya ce a sare shi. Amma mai lura da gonar ya roƙi arzikin shekara guda, domin ya tona gindinsa ya zuba taki. Misalin yana magana ne a kan haƙurin Allah da mai zunubi. Sai dai ka lura da abin da Ubangiji ya zaɓa ya nuna jinƙai da shi: hannun da ke zuba taki. Wannan hannun nake so mu bi zuwa gona yau.

Da yawanmu muna noma a bakin kurmi, wasu a gindin duwatsun Kagoro, wasu a Kurmi da Gashaka a Jihar Taraba. Mun san al'adar: da rani a yi sassabe, a bari ya bushe, a sa wuta, a shuka a kan toka. Shekarar farko masara takan yi kyau, gama toka tana ba ƙasa ɗan ƙarfi nan da nan. Amma yawancin sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya, yakan tashi sama tare da hayaƙi. Ganyen da zai ruɓe ya zama abincin ƙasa ya ƙone. Ruwan farko ya sami ƙasa tsirara, ya kwashe toka zuwa rafi. Kafin shekara uku ko huɗu gona ta gaji, tofa ta mamaye ta, sai mu ɗauki gatari mu ƙara shiga kurmi.

Kakanninmu ba wawaye ba ne. A zamaninsu mutane kaɗan ne, daji kuwa da faɗi, sukan bar saura ta huta shekara goma ko fiye. Yau ina filin? Ga gonaki, ga makiyaya, ga iyakar gandun daji na gwamnati. Saura ba ta samun hutu, kurmi yana ja da baya, rafukan da a dā ba sa ƙafewa sun fara ƙafewa.

Mukan kwana a majami'a muna tsawata wa ruhun talauci. Yana da kyau, addu'a tana da iko. Amma in ka roƙi albarka da dare, da safe ka cinna wa albarkar wuta, wa za ka zarga? A Farawa 2:15 aiki biyu Allah ya ba Adamu a Aidan: noma da kiyayewa. Mun riƙe na fari, mun saki na biyu. A Littafin Firistoci 25 ya umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai. Da suka ƙi, 2 Tarihi 36:21 ya nuna cewa ƙasar ta karɓi hutunta shekara saba'in, su kuwa suna bauta a Babila. Ƙasa ta Ubangiji ce, yana kuma lura da yadda muke riƙe ta.

To, me za ka yi, tun da dole iyali su ci?

Na fari, ka daina ƙona kara da ganye. Ka shimfiɗa su a kan ƙasa. Suna riƙe laima, suna tare zaizaya, su ruɓe su zama taki. Ka haɗa da kashin awaki da na kaji.

Na biyu, ka juya shuka. Inda masara ko dawa ta zauna bana, baɗi ka sa wake, gyaɗa ko waken soya, gama saiwoyinsu suna mai da wa ƙasa ƙarfi. Inda tofa ta fi ƙarfinka, akwai wani wake mai yaɗo da ake kira mukuna. Manoma a Jamhuriyar Benin sun yi amfani da shi: yakan rufe gona ruf, ya hana tofa ganin rana.

Na uku, ka dasa itatuwa layi-layi a cikin gona. Masu bincike a cibiyar IITA da ke Ibadan sun gwada wannan tun shekarun 1970. Ana jera itatuwa masu saurin girma kamar giliricidiya, a bar taku huɗu ko biyar tsakanin layi da layi, a shuka hatsi a tsakiya. Da damina a datse rassan, a zuba ganyen a ƙasa. Ga taki, ga itacen girki, ga abincin awaki. Ka tambayi malamin gona inda za ka sami iri.

Na huɗu, kada ka kashe kututture. Ayuba 14:7-9 ya ce itacen da aka sare yana da sa zuciya, gama zai iya sake toho. A 1983, wani ɗan mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya gane cewa ƙananan tsiron da ake sharewa a gonaki itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya koya wa manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, su datse sauran. Yau an ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 sun sake samun itatuwa a Nijar ta wannan hanya. In ya yiwu a bakin hamada, me zai hana a wurinmu da ruwa ya wadata? Ka bar ɗorawa da kaɗanya su tsaya.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ya fi ƙyasta ashana wuya, kuma sai an yi shekara biyu ko uku kafin ka ga bambanci sosai. Don haka ka fara da ɓangare guda na gonarka. Ku yi gayya da 'yan'uwa, ku fara da gonar gwauruwa da ta ikilisiya. Mai lura da gona shekara guda ya roƙa. Kai ma ba ƙasarka shekara guda ba wuta. Karin Magana 13:22 ta ce mutumin kirki yakan bar wa jikokinsa gādo. Me naka za su tarar, gona ko fako?

Addu'a: Ya Uba, ka danƙa mana ƙasa amana. Ka ba mu zuciyar mai lura da gona, da haƙurin jira. Bari wutar Ruhu Mai Tsarki ta ci a zukatanmu, gonakinmu kuwa su huta daga wuta. Ka warkar da ƙasarmu, ka cika rumbunanmu, cikin sunan Yesu. Amin.

Aikin yau: Ka je gona, ka zaɓi inda ba za ka ƙona ba bana, ka kafa alama, ka yi addu'a a wurin.