Kama da Wane: Tankar Fim da Haƙƙin Waɗanda Suka Mutu

Ran nan muna zaune a shagon wani bakanike a Malumfashi, wanda aikinsa gyaran taraktoci ne, muna jiran a dawo da wuta. Ɗaya daga cikinmu ya buɗe kwamfutarsa ya sa fim ɗin Saving Private Ryan na 1998. Da aka zo inda tankokin Jamus ke shigowa gari, sai bakaniken ya ajiye sifana ya matso, ya ce a mayar baya. Ya ƙura ido, sannan ya ce, "Wannan gangar jikin ba ta ƙafafun nan ba ce. Ɗora ta aka yi." Bai taɓa ganin tankar yaƙi ido da ido ba, amma ya yi gaskiya. Tankokin Tiger na fim ɗin shasin T-34 ne na Rasha, aka yi musu riga irin ta Jamus. Daga nan gardama ta kaure, har aka kawo wuta ba mu lura ba. Tambayar ita ce: wanda ya nuna mana tankar aro ya ce ta Hitila ce, ƙarya ya yi mana?

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin algus ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen masara a kasuwar Dandume ko Bakori ya san buhun da ake cika bakinsa da mai kyau, a ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasa. Mun san takin da ake gauraya da yashi a ɗinke shi cikin buhu mai tambari. Addini ya yi hani da wannan tun a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin tsibi. To amma abin da ya sa algus ya zama ha'inci shi ne mai saye bai sani ba, kuma da ya sani da bai biya ba. Mai kallon fim kuwa ya shiga da saninsa. Sunan abin ma a harshenmu wasan kwaikwayo. Iyayenmu sun zubar da hawaye a kan rataye Umar Mukhtar a fim ɗin Lion of the Desert, alhali wanda ya fito a matsayinsa Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko. Babu wanda ya ce an cuce shi. Idan mun yarda mutum ya ari rawanin wani, me zai sa mu hana ƙarfe aron riga?

Sai wani ya ce ai na gaske ya fi. To, bari mu duba na gasken. A fim ɗin Fury na 2014 an yi amfani da Tiger ta ainihi, mai lamba 131, wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a 1943, take ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington. Ita kaɗai ce irinta da ke iya tafiya da kanta a yau. Amma injin da ke cikinta ba wanda ta fito da shi daga masana'anta ba ne, an sa mata wani. Kuma labarin fim ɗin a ƙasar Jamus yake faruwa cikin Afrilun 1945, lokacin da ita tana hannun Ingilishi shekara biyu ke nan. Ashe ita ma fitowa ta yi a matsayin wata. Wannan ya tuna mana da fartanyar da manomi zai ce ta kakansa ce, alhali an sauya mata ƙota sau uku, maƙeri ya sake mata ruwa sau biyu. Ba ma ƙaryata shi, domin mun gane abin da yake nufi: ba a taɓa yanke amfani da ita ba daga hannu zuwa hannu.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta wannan matsala ta fi damun mu, saboda a sana'armu babu asali babu kwafi. Idan ka kwafi fayil, na biyun daidai yake da na farkon, ko ɗigo ba ya bambanta. Abin da muke tambaya kullum shi ne: yana yin aikin da aka ce zai yi? Da wannan ma'auni, tankar da aka ƙera da falanki, ko wadda aka zana da kwamfuta, ta ci jarrabawa muddin ta tsorata mai kallo yadda ta gaske ta tsorata soja.

Sai dai akwai inda ma'aunin namu ya gaza. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Ko da za a ƙera wata mai kama da ita sak, a huda ta a daidai wuraren, wanda ya tsaya gabanta ba zai ji abin da ake ji a gaban ta farkon ba. Waccan tana wurin lokacin da abin ya faru. Shaida ce, kuma shaida ba a kwafarsa. A nan ne karin maganar nan ta kama da wane ba ta wane take da cikakken ƙarfi. Amma lura: wurin shaida gidan tarihi ne. Da Izu Ojukwu ya yi fim ɗin '76, wanda ya fito a 2016, ya nemi motoci da tufafin zamanin, ya ɗauki aikin a barikin Mokola da ke Ibadan. Da a ce ya roƙi a ba shi ainihin motar Murtala ya sa ɗan wasa a ciki a sake yin harbin, da mu ne za mu fara cewa bai kyauta ba.

Ke nan ƙaryar da ya kamata mu ji tsoro ba a jikin ƙarfe take ba. A 1945 Amurkawa suka fitar da fim ɗin Objective, Burma! wanda ya nuna kamar su ne suka ci yaƙin Boma, har aka janye shi daga silimun Ingila saboda fushin jama'a. Ingilishi sun yi fushi an share su. Su kuma kakanninmu fa? Dubun-dubatar 'yan Afirka ta Yamma sun yi wannan yaƙi a runduna ta 81 da ta 82, Hausawa na da yawa a cikinsu, har Hausa ta zama harshen bariki. A kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, a ka suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci cikin dazuzzuka da tsaunuka. Motar wannan fage wuyan mutum ce. Mai shirya fim zai iya samo jif ta 1944 da kowane kusa nata na asali, ya cika ta da fararen fata, masana ƙarfe su tafa masa, alhali ya binne mazan jiya karo na biyu.

Wannan ba ya nufin a yi sakaci da ƙananan abubuwa. Bakaniken nan na Malumfashi, da ya gano ƙafafun aro, sai ya fara tambayar ko sauran labarin ma ɗora shi aka yi. Wanda ya kama ka da ƙaramar ƙarya yana da hujjar zargin babba. Kuma kula da irin mota, da launin kaki, da yadda ake riƙe bindiga, wata hanya ce ta girmama waɗanda suka rayu a ciki. Mun ga yadda Zage-zagi da sauran Hausawa suka yi ta ƙorafi a kan fim ɗin Amina na 2021 game da sutura da al'ada. Suna da gaskiya, domin a ƙasar da ba a cika ajiye takardu da hotuna ba, abin da yaro ya gani a waya shi ne zai zama tarihinsa. Haƙƙin da ke kan mai fim a wurinmu ya fi na takwaransa na Ingila nauyi, tunda shi can akwai Bovington da za a je a gyara kuskurensa.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mana a rai kuwa shi ne muna cikin namu yaƙin. Mun san gonakin Faskari da Sabuwa da aka bari ba noma. Mun san daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wata rana, bayan shekara arba'in ko hamsin, wani zai yi fim a kan wannan zamani. Zai nemi baburan da aka riƙa shigowa ƙauyuka da su, da Hilux ɗin jami'an tsaro, ba zai samu ba, sai ya ƙera ko ya sa kwamfuta ta zana. Mun yafe masa wannan tun yanzu. Abin da ba za mu yafe ba shi ne ya mai da mai kisa gwarzo don ya fi kyan kallo, ko ya manta da matar da ta sayar da shanun huɗa da gona ta biya fansar mijinta, ko ya sauya wanda ya gudu da wanda ya tsaya.

Saboda haka aikin da ke gabanmu ya fi gardamar shagon bakanike girma. Wayoyin da ke aljihunmu suna iya naɗar muryar tsofaffin da suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ta maƙwabtanmu da suka baro ƙauyukansu suka dawo Funtuwa. Mu naɗa, mu rubuta suna da rana da gari, mu ajiye a inda ba zai ɓace ba. Mota dai ana iya sake ƙera ta. Wanda ya ga abin da idonsa kuwa, in ya tafi bai faɗa ba, shi ke nan.