Wa Zai Saya wa Ɗan Talaka Fenti?

A kowace shekara jami'o'inmu suna karɓar ɗalibai waɗanda su ne na farko a zuriyarsu da suka taka wannan mataki. Uba manomi ne ko ɗan tireda, uwa tana kitso ko tana suyar ƙosai, an yi ta tattali har yaro ya kai gaci. Idan ya ce likitanci zai karanta ko aikin lauya, dangi sukan yi karo-karo cikin farin ciki, domin kowa ya san inda hanyar ta nufa. Idan kuwa ya ce zane da sassaƙa ya zaɓa, sai gida ya yi tsit, uba ya tambaya, "To, me za a ci da shi?" Ba na ganin laifin uban, saboda wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin jarrabawa yana da damar ya tambayi riba. Abin da nake so in tattauna yana bayan tambayarsa: shin jama'a tana da wani nauyi a kanta game da irin wannan ɗalibi, ko kuwa zaɓinsa ne, shi ya jawo wa kansa?

Ya kamata mu fara sanin abin da karatun yake ci. Ɗalibin tarihi yana iya aron littafi ya karanta ya mayar. Ɗalibin zane ba ya aron fenti, domin abin da aka shafa ya tafi ke nan. Takarda, buroshi, ƙyallen zane, yumɓu, siminti, ƙarfe, duk suna ƙarewa da aiki, kuma da yawansu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 nauyin ya ƙaru. Amma illar rashi ta wuce aljihu. Koyon zane ɓarna yake so: a gwada, a lalata, a sake. Wanda yake da takarda goma yana iya ɓata tara kafin ya dace. Wanda yake da guda ɗaya tak ba zai yi kasada ba, zai zana abin da ya tabbata malami zai karɓa, ƙarami, a tsorace. Ga kuma lokacin da abokansa suke ɗakin zane shi yana bakin titi yana rubuta allon shago domin ya sami na abinci. A ƙarshen shekara sai a jera ayyukansu a bango ɗaya, a ce wane ya fi wane baiwa, alhali ba baiwa kaɗai aka auna ba.

Masu suka suna da hujja mai nauyi, kuma bai dace a raina ta ba. Sukan ce ƙasar da asibitocinta ba magani, yaranta na firamare suna zaune a ƙasa, ina ta ga kuɗin saya wa wani fenti? Na yarda cewa magani yana gaba da fenti. Sai dai kakanninmu, waɗanda suka san fari da yunwa fiye da mu, ba su jira wadata ta game gari ba kafin su ƙawata rayuwarsu. Marinar Ƙofar Mata a Kano ta shafe ɗaruruwan shekaru ana turi a cikinta. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gini suna zuwa kallon bakan gizonsa. Baduku ya yi wa jaka ado, mai ɗinki ya zauna watanni a kan aska takwas, alaramma ya yi wa Alƙur'ani zayyana, magini ya ɗora dagi a fuskar soro. Babu wanda ya ɗauki waɗannan a matsayin almubazzaranci. Kuma kowace daga cikin sana'o'in nan tana da hanyar raino: yaro yana gadon kayan aikin mahaifinsa, ko ya zauna a ƙarƙashin ubangida wanda zai ciyar da shi har ya iya. Ɗalibin da nake magana a kansa ya shiga sana'ar da ba shi da gado a cikinta, ba shi da ubangida. Tsarin da ya raini magabata bai bi shi jami'a ba, ba mu kuma kafa wani a madadinsa ba.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi daɗin ji, kuma ta fi cutarwa. Ana cewa wahala ita ce uwar fasaha, in ka sauƙaƙa wa mai zane ka kashe wutar da ke cikinsa. A nan an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: abin da mutum ya gani a rayuwa, da rashin abin aiki. Na farkon jari ne, na biyun takunkumi ne. Tarihin Ladi Kwali ya isa misali. Ta koyi ginin tukwane a wurin 'yar'uwar iyayenta a ƙasar Gbagyi, tana zana kunama da ƙadangare da kifi da hawainiya a jikin tulu, halittun da ta tashi tana gani. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya adana tukwanenta, a wurinsa Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko a wurin. Cibiyar ta ba ta na'urar juya yumɓu da murhun gashi mai zafi da hanyar kai aikinta Turai da Amurka. Ba ta ba ta kunamar ba, da ita ta zo daga Kwali. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, yau kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. Tallafin bai kashe wutarta ba, iska ya hura mata. In kana da kyau, in ji Hausawa, ka ƙara da wanka.

Haka abin ya kasance a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Ana koya musu zane a kan tsarin Ingila, su kuwa suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma su zuba musu abin da suka taso da shi. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta sani. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyi da al'adun Urhobo, kuma da tallafin karatu na gwamnatin tarayya ya shiga kwalejin a 1957. Abin da ya sa ake tunawa da su a tarihin zanen Nijeriya shi ne guzurin da suka zo da shi daga gida. Kuɗin gwamnati ya saya musu lokaci da kayan aiki ne kawai, amma da babu shi, wataƙila guzurin da ya ruɓe a jaka.

Wannan ne ya sa nake ganin ɗalibin da ya fito daga gidan da ba a taɓa yin jami'a ba yana da wani abu da ƙasa take buƙata. Ya san yadda hasken aci-balbal yake sauka a fuskar mai tuwon dare. Ya san launin ƙasa bayan ruwan farko, da yadda kafaɗar ɗan garuwa take lanƙwashewa, da irin shirun da gida yake yi idan rumbu ya kusa ƙarewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan tsadar karatu ta sa 'ya'yan masu hali kaɗai suke zama masu zane, hoton da za mu bar wa jikoki zai zama na ƙasar da aka leƙa ta tagar mota. Ba ina cewa ɗan mai kuɗi ba shi da abin faɗa ba ne, yana da nasa. Amma rabin labari ba labari ba ne. A nan kuma maganar adalci ta shigo. Allah yana raba baiwa ba tare da duba rumbun uba ba, dama kuwa mutane ne suke raba ta. Abin da yake hannun mutane, su za a tambaya a kansa.

Duk da haka, tallafi yana da nasa tarkon. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun san yadda makaɗan fada suka rayu a inuwar iyayen gidansu, suka bar mana waƙoƙi masu daraja, amma da wuya bakin da aka cika ya faɗi aibin hannun da ya cika shi. Na zamani ya fi wannan laushi. Mai bayarwa yakan so a nuna masa talauci: a cikin takardar neman tallafi yaro ya baje asirin gidansu, bayan ya samu kuma a sa ran zai yi ta zana almajiri da 'yan gudun hijira, domin su ne suke taɓa zuciyar mai saye. Ta haka rayuwar da ya kamata ta zama tushen fasaharsa sai ta zama hajar da yake talla. Ɗan mai ƙosai yana da 'yancin zana mahaifiyarsa tana dariya, ko ya zana doki, ko ya zuba launuka zalla ba tare da siffar kowa ba. Abin da ya gani nasa ne, shi zai zaɓi wanda zai fitar da wanda zai rufe. Addininmu ya hana a bi kyauta da gori, ni kuwa ina ganin sharaɗin da yake tilasta wa mutum sayar da mutuncinsa ɗan'uwan gori ne.

To, wane irin tallafi ya dace? Dokar bashin ɗalibai ta 2024 ta kafa asusun da yake ba da rance marar ruwa domin kuɗin makaranta da ɗawainiyar yau da kullum, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Mataki ne mai kyau, amma rance ya fi dacewa da mai jiran albashi, mai zane kuwa yau samu gobe rashi, musamman a shekarunsa na farko. Abin da ya fi masa amfani ba shi da tsada sosai. Kowane sashen zane yana iya samun rumbun kayan aiki da za a riƙa ɗiba ba tare da an yi shela ba. Hukumomin tallafin karatu na jihohi suna iya ware kaso ga wannan fanni maimakon su bar shi a ƙarshen layi. Attajiran da suke yin waƙafi suna iya tunawa cewa sana'a ma abin raino ce. Ma'aikatu da bankuna da otal-otal da suke rataya hotunan da aka bugo daga waje suna iya zuwa baje kolin ɗaliban shekarar ƙarshe su saya da farashin gaskiya, wanda ya fi sadaka daraja domin ciniki ne tsakanin mutum da mutum.

Shi ma ɗalibin akwai abin da yake kansa. Ba yabon mai bayarwa ba ne, kuma ba dole ne ya zama tauraro ba. Bashin da ake bin sa shi ne ya yi aikin da gaskiya, sa'an nan ya riƙe ƙofar da aka buɗe masa har wani ya shigo. Onobrakpeya, wanda aka biya wa karatu yana saurayi, ya kafa taron horar da masu fasaha a garinsu Agbarha-Otor a 1998, inda ƙwararru da masu koyo suke zama tare suna aiki. Kuɗin da aka kashe masa a 1957 har yanzu suna haihuwa.

Saboda haka amsata ita ce, jama'a tana da nauyi a kanta, kuma nauyin bai fi ƙarfinta ba. Yaron ya riga ya kawo kaso mafi tsada, wato idonsa da abin da idon ya gani. Abin da ya rage mana shi ne takarda ta biyu, wadda zai ɓata ba tare da fargaba ba.