Sa'ad da Uwa Ta Fara Mantuwa

Wataƙila a gidanka akwai macen da a dā take riƙe lissafin buhunan masarar da aka kai kasuwar Funtua a ka, yau kuwa tana cigiyar mabuɗi alhali yana ɗaure a bakin zanenta. Shin darajarta ta ragu ke nan?

Yawancin mata sukan daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. A lokacin nan sinadarin estirojin, wanda ƙwaƙwalwa ma take amfani da shi, yakan ragu. Zafi yakan taso da dare, gumi ya karyo, barci ya gagara, wanda kuwa bai yi barci ba dole tunaninsa ya yi nauyi. Ga mata da yawa wannan mantuwa takan lafa bayan 'yan shekaru. Ba hauka ba ce, ba maita ba ce, ba kuwa horon Allah ba ne.

In da ƙarfin tunani ko haihuwa ne ma'aunin daraja, da kowannenmu darajarsa ta aro ce, gama tsufa yana jiranmu duka. Amma darajar mutum tana cikin kamannin Allah da aka halicce shi a ciki. Saratu ta riga ta daina al'ada sa'ad da alkawari ya cika a kanta.

Duk da haka, bangaskiya ba ta yarda da sakaci ba, gama jiki amana ne. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya kiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar gushewar tunani yana da nasaba da abubuwan da za a iya gyarawa, kamar hawan jini, ciwon sukari, raunin ji, rashin motsa jiki da kaɗaici. Saboda haka ka raka ta a auna jininta, a rage gishiri a miya, a yawaita zogale, wake da gyaɗa. Kada ka hana ta zuwa Zumuntar Mata, domin tafiyar, da hirar, da koyon sabuwar waƙa duk motsa ƙwaƙwalwa ne. Idan kuwa ta fara ɓatan hanyar gida ko manta sunayen 'ya'yanta, a hanzarta zuwa babban asibitin Funtua ko na Malumfashi.

Ita ce ta yi ta maimaita maka kalma guda har ka iya magana. In ta tambaye ka abu ɗaya sau uku yau, ka amsa mata sau uku, da ladabi.