Waɗanda Suka Ce Sun Je Lahira Sun Komo

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu bincike waɗanda ba su tsai da shawara ba tukuna, ina roƙonka ka ba ni kunnenka kaɗan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dattijuwa cikin ajinmu na masu shirin baftisma a nan Kakangi. Jikanta ya sa mata wata magana cikin waya, inda wata mace take rantsuwa ta mutu, an zaga da ita wuta, ta ga mata masu bi suna ƙuna domin sun sa 'yan kunne sun yi ƙarin gashi. Dattijuwan nan ta tuɓe 'yan kunnenta, ta yi kwana uku ba ta taɓa tuwo ba. Sa'ad da na je gaishe ta, ta ce mini, "Malam, to 'yata fa, wadda muka binne bara? Ita ma mai son ado ce." Domin wannan tambaya na rubuta, gama irin labaran nan sun yawaita, mu kuwa da muke bakin dajin nan mun ga mutuwa da yawa, ta zazzaɓi da ta bindiga, zukatanmu suna marmarin jin inda namu suka tafi.

Da fari ka sani ba dukan mai ba da wannan labari ne maƙaryaci ba. Hausawa sun san dogon suma tun kaka da kakanni, har suna cewa barci ƙanen mutuwa. Likitoci ma sun binciki al'amarin. A shekara ta 2001 wani likitan zuciya na ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya buga abin da ya samu wurin mutum 344 waɗanda zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su. Daga cikinsu 62 suka ce sun tuna da wani abu, kamar haske mai girma, ko salama, ko ganin danginsu da suka rigaya. Sauran ba su tuna da kome ba. A 2014 kuma likita Sam Parnia da abokan aikinsa suka ba da labarin bincikensu a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya. Sun ajiye hotuna bisa katakai can kusa da rufi, inda ba mai ganinsu sai wanda yake sama, domin su gwada masu cewa sun fita daga jikinsu sun duba ƙasa. Ba wanda ya komo ya faɗi abin da ke cikin hoto. Gaskiya kuwa ita ce yawancin masu jinyar sun faɗi a ɗakunan da babu katakan, saboda haka gwajin bai yanke magana ba.

Ga abin lura kuma. Mutumin Indiya mai bin addinin Hindu yakan farka ya ce manzannin Yama, sarkin matattu a wurinsu, sun tafi da shi, aka duba littafi aka ga kuskure ne, ba shi ake nema ba, aka komo da shi. Kirista kuwa yakan ga mala'iku da ƙofofin zinariya. Kowa yana komowa da abin da ya saba ji tun yana yaro. Ashe, ba za mu yi hankali ba? Mutum yana iya faɗin gaskiyar abin da ya gani, duk da haka abin da ya gani ya zama daga cikin kansa ya fito, kamar yadda mai zafin zazzaɓi yake ganin raƙuma cikin ɗaki.

Akwai kuma ƙarya tsantsa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A shekara ta 2004 wani yaro Ba'amurke mai shekara shida, sunansa Alex Malarkey, ya yi hatsarin mota, ya kwanta wata biyu bai san inda yake ba. A 2010 aka buga littafi da sunansa da na ubansa, ana cewa ya je sama ya ga Yesu ya komo. Aka sayar da fiye da miliyan ɗaya, masu bi suka karanta suna hawaye. A watan Janairu na 2015 yaron da kansa ya rubuta wasiƙa a fili, ya ce bai mutu ba, bai je sama ba, ya faɗi haka ne domin a kula da shi, ya kuma gargaɗi mutane su koma ga Littafi Mai Tsarki. Masu buga littafin suka janye shi daga kasuwa. Na girmama yaron nan, gama tuba a gaban duniya ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka yi tunanin wanda ya kafa bangaskiyarsa bisa littafin nan. Ina zai tsaya ran da ya ji wasiƙar?

A ƙasarmu labarin da ya fi bazuwa shi ne na Fasto Daniel Ekechukwu na Anacha. An ce ya yi hatsarin mota ran 30 ga Nuwamba 2001, likita ya shaida ya mutu, aka kai shi ɗakin ajiye gawa, sa'an nan ran 2 ga Disamba matarsa ta kai shi majami'ar da Reinhard Bonnke yake wa'azi, numfashi ya komo masa. Ya ce an nuna masa Firdausi da wuta, aka kuma gaya masa da wuta zai shiga domin bai gafarta wa matarsa ba bayan wata husuma. Ban kira bawan Allah maƙaryaci ba, Allah kuwa mai iko ne ya ta da wanda ya ga dama. Amma ka buɗe Matta 6:14-15, za ka tarar Ubangiji ya rigaya ya koya mana cewa wanda ya ƙi gafarta wa mutane ba za a gafarta masa ba. Abin da ke na gaskiya cikin labarin, muna da shi a hannu tun dā. An kuma ruwaito cewa mala'ika ya gaya masa an amsa roƙon mai arzikin nan na Luka 16 domin mutanen wannan zamani. Nan ne ƙafata ta tsaya. Gama cikin misalin, mai arziki ya roƙi Ibrahim ya aiki Li'azaru wurin 'yan'uwansa biyar ya gargaɗe su, Ibrahim kuwa ya ƙi, ya ce suna da Musa da annabawa, wanda bai ji su ba, ko wani ya tashi daga matattu ba zai rinjaye shi ba. Wa ya isa ya warware abin da Ubangiji ya ɗaure da bakinsa?

Ka dubi kuma shirun waɗanda aka tayar cikin Littafi. Ɗan gwauruwa ta Nayin, da 'yar Yayirus, da Dokas ta Yafa, ba a rubuta mana ko kalma ɗaya ta abin da suka gani ba. Li'azaru na Betanya ya kwana huɗu cikin kabari, ya fito, ya zauna cin abinci tare da Yesu, mutane suna ta zuwa kallonsa, amma Yohanna bai ba mu labarin lahira daga bakinsa ba. Manzo Bulus, cikin 2 Korintiyawa 12, ya ambaci mutumin da aka ɗauke zuwa sama ta uku. Ya bar shekara goma sha huɗu kafin ya rubuta, ya ce bai sani ba ko cikin jiki ne ko ba cikin jiki ba, abin da aka ji a can kuwa ba a yarda ɗan adam ya faɗa ba. Manzo ya kame bakinsa haka, su kuwa na yau suna ƙidaya mana ɗakunan sama, suna kiran sunayen matattu ɗaya ɗaya su ce wane yana wuta, ga kwanon baiko yana zagawa.

Domin wannan, idan labari ya zo maka, ka auna shi kamar yadda 1 Yohanna 4:1 ta umarce mu a gwada ruhohi. Ka tambaya ko ya yi daidai da Maganar Allah, ko kuwa ya ƙara wata ƙofar ceto wadda Almasihu bai kafa ba. Lalle manzanni sun gargaɗi mata su fi kula da adon zuciya bisa na jiki, amma ba inda aka ce ɗan kunne yana kai mutum wuta, bawan Ibrahim ma da zinariya ya yi wa Rifkatu ado. Ka tambaya wa yake samun girma cikin labarin, wa kuma yake samun kuɗi. Kada ka miƙa shi ga wani ta waya kafin ka kawo shi wurin dattawan ikilisiya. Kada kuwa ka ɗauke shi ka je ka tsorata maƙwabcinka Musulmi da shi, ko ka yanke hukunci bisa iyayen wani da suka rasu, gama shari'ar matattu tana hannun Allah shi kaɗai. In ɗan'uwa ya farfaɗo daga suma ya ce ya ga wani abu, ka saurare shi da ƙauna, ka yi addu'a tare da shi, sa'an nan a kai shi asibiti a Birnin Gwari a duba jikinsa.

Na zauna da dattijuwan nan a bakin ɗakinta, na karanta mata Yohanna 11 daga fari har inda aka kwance wa Li'azaru likkafani. Na ce mata, "Inna, ni ban ga 'yarki a sama ba, macen cikin waya kuma ba ta gan ta a wuta ba. Amma ke da kanki kin ji ta tana kiran sunan Yesu a daren da ta cika, shi kuwa ya yi alkawari ba zai kori mai zuwa gare shi ba." Ta yi shiru har aka jima, kana ta kira jikanta ya kawo mata kunu.