Tunani Ne Ko Waswasi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ya ku samari, shin kowane tunani alheri ne? A'a. Ku dubi mai bugun fenariti. Yadi 12 ne kacal tsakaninsa da raga, kuma ƙafarsa ta saba tun a wurin atisaye. Amma da zarar ya tsaya yana "dama ko hagu? In na ɓarar fa?" sai jiki ya sandare, zuciya ta ɓata abin da ƙafa ta iya. Wurin ba ya barin gwani: Roberto Baggio na Italiya sama ya ɗaga ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, Brazil ta ɗauke kofin.

Haka waswasi yake yi wa mai salla. Ya sake alwala, ya sake niyya, har liman ya yi ruku'u. Malaman fiƙihu sun ce wanda kokanto ya aura, to ya yi watsi da shi.

Ɗan'uwa, tunani kafin aiki ake yinsa. Nemi ilimi, yi shiri. In lokaci ya yi, ƙudura niyya ka dogara ga Allah, sakamako Nasa ne. Kuma kada ƙwallo ta hana ka jam'i.

Allah Ya tsare mu. Wassalamu alaikum.