Tawakkalin Baligi da Haƙƙin Jariri: Matsayin Allurar Ƙari a Ma'aunin Shari'a

Tambayar ko neman kariya daga cutar da ba ta riga ta sauka ba yana tauye tawakkalin mumini tsohuwa ce a wurin malaman Musulunci, sai dai a ƙasar Hausa an fi tayar da ita a kan ƙananan yara, domin a tunanin jama'a allurar rigakafi sha'anin jarirai ne da mata masu juna biyu, ba abin da magidanci zai bi layi a kansa ba. Annobar mashaƙo da ta bayyana a Kano a ƙarshen 2022, ta kuma bazu a 2023 zuwa Yobe da Katsina da Borno da Jigawa da Bauchi, ta kama dubban mutane waɗanda akasarinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, amma ba ta ƙyale manya ba, kuma manyan na daga cikin masu ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan gida zuwa wancan. A gundumar Zungur ta ƙaramar hukumar Bauchi, inda manoma da makiyaya ke kai-komo tsakanin ƙauyuka irin su Liman Katagum da kasuwannin cikin birni, tambayar ta tashi daga kan yaro ta koma kan babba: shin baligi mai cikakkiyar lafiya yana da wani nauyi a wuyansa game da ciwon da bai same shi ba?

Abin da ake kira allurar ƙari ita ce allurar da ake sake yi wa wanda aka taɓa yi wa rigakafi, domin a farfaɗo da garkuwar jikinsa, wato ikon da jiki ke da shi na gane ƙwayar cuta ko dafinta ya kuma yaƙe ta, saboda wannan iko yana raguwa yayin da shekaru ke tafiya. Tun 2012 ake yi wa jariran Nijeriya allurar Penta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, wadda ta ƙunshi rigakafin mashaƙo da sarƙe-haƙora da tarin shiƙa tare da wasu cututtuka biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara wasu uku na mashaƙo da sarƙe-haƙora, ɗaya tsakanin wata 12 da 23, ɗaya tsakanin shekara 4 da 7, ta ƙarshe tsakanin shekara 9 da 15. Abin da ya auku a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet a shekarun 1990 ya nuna illar raguwar garkuwa a fili, domin mashaƙo ya kama mutane fiye da 150,000, ya kashe fiye da 4,000, kuma yawancin waɗanda suka kamu manya ne.

Ta fuskar aƙida mas'alar ba ta da sarƙaƙiya kamar yadda ake zato. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun ruwaito, cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga Sarg a kan hanyar Sham da ya sami labarin annoba, kuma da Abu Ubaida ɗan Jarrah ya nuna masa cewa hakan tamkar gudun ƙaddara ne, sai ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya busasshe, wanda duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su. Abin lura shi ne babu wanda ya kamu a cikin tawagar a lokacin, saboda haka matakin na kariya ne, ba na jinya ba. A kan irin wannan fahimta Shaihu Abdul'aziz bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya halatta yin rigakafi kafin cuta ta sauka, yana kafa hujja da hadisin cin dabinon Ajwa da safe. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi kuwa, wato bin hanyar da Allah ya sanya ta kai ga sakamako, aikin gaɓoɓi ne, kuma ɗaya ba ya korar ɗaya. Bauchi ba baƙuwa ba ce ga wannan haɗi, domin ɗanta Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya haɗa ilimin zaure mai zurfi da karatun kiwon lafiya, har ya koyar da masu haɗa magani a Zariya.

Wahalar tana wani wuri dabam. Halacci bai kai wajibci ba, kuma da yawa daga malaman mazhabobi sun ɗauki neman magani a matsayin abin da mutum ke da zaɓi a kansa, har wasu salihan bayi sun bar shi suna masu haƙuri da jarrabawa. Mai cewa ya dogara ga Allah ba zai yi allura ba yana da magabatan da zai jingina da su, amma sharaɗin wannan jingina shi ne cutar ta tsaya a jikinsa shi kaɗai, kuma a nan ne cututtukan uku, wato sarƙe-haƙora da mashaƙo da tarin shiƙa, suka rabu.

Sarƙe-haƙora, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau, ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ƙwayarta tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga jiki ta rauni, kamar saran fartanya a ƙafar manomin da ke huɗa a gonar da aka zuba wa taki, wanda zai murza ƙasa a kan ciwon ko ya ɗaure shi da tsumma ya ci gaba da aiki, bayan kwanaki kuma muƙamuƙinsa ya ƙi buɗuwa, wuyansa ya sandare, bayansa ya riƙa gantsarewa da ƙarar ƙofa kawai. Rigakafin maƙwabta ba ya kare kowa daga gare ta, wanda ya warke ma bai sami garkuwa ba. Wannan hisabi ne tsakanin bawa da jikinsa, kodayake jikin ma amana ne, kuma magidancin da ya kwanta a farkon damina ba shi kaɗai zai ji a jika ba.

Mashaƙo da tarin shiƙa kuwa ta numfashi da tari suke yaɗuwa. Babban mutum yana iya kasancewa ɗauke da ƙwayar mashaƙo a maƙogwaronsa ba tare da wata alama ba, alhali a jikin yaro tana shimfiɗa wata fata mai launin toka da ke toshe hanyar iska, wuya ya kumbura, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Tarin shiƙa a wurin babba sau da yawa tari ne mai naci na makonni, wanda ake ɗora wa hunturu ko ƙura, amma a wurin jariri yana iya ɗauke numfashi gaba ɗaya. Idan aka dubi al'adar haihuwa sai haɗarin ya fito sarai: tun daga ranar da aka haihu 'yan barka ke shigowa, ranar suna ɗakin mai jego yana cika maƙil, jariri yana yawo daga hannun kaka zuwa na gwaggo zuwa na inna, kowacce tana kusanto da fuskarta tana yi masa addu'a, alhali allurarsa ta farko ta waɗannan cututtuka sai ya cika mako shida, wato sai bayan an yi arba'in. A duk tsawon wannan lokaci ba shi da kariya face wadda ya samu daga jinin mahaifiyarsa da kuma lafiyar masu ɗaukarsa. Baligi yana da ikon ya zaɓi haƙuri da ciwo a kan kansa, amma shari'a ba ta ba shi ikon ya yi wannan zaɓi a madadin wanda bai iya magana ba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta bambanta hukuncin neman magani gwargwadon hali, ta sanya shi wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko asarar gaɓa, ko kuma idan cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu. Matsayar a kan jinya take, ba a kan rigakafi kai tsaye ba, don haka ɗora allurar ƙari a kanta ƙiyasi ne, wato auna sabuwar mas'ala da tsohuwa saboda sun yi tarayya a dalili, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon kusancin haɗarin. A lokacin annoba, ko ga ma'aikacin asibiti da ungozoma da malamin makarantar allo, ya fi kusa da wajibci. Ga wanda ya kammala alluransa shida yana yaro, a lokacin da babu annoba, bai wuce abin so ba. Likitoci ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin a Amurka ana sake yi wa manya allurar duk bayan shekara 10, a Ingila kuwa ba a yin haka ga kowa da kowa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fi mayar da hankali ga kammala na ƙuruciya. Wanda ya yi gaggawar ɗora zunubi a kan duk wanda bai yi ba ya zarce iliminsa, kamar yadda mai haramtawa ya zarce.

Wajibci kuma yana tafiya ne da iko. Allurar da ake samu a asibitocin sha-ka-tafi ita ce Td, mai kare mashaƙo da sarƙe-haƙora kawai, an kuma fi tanadar ta ga mata masu zuwa awo, waɗanda ake so su karɓi biyar a jere, yayin da mai haɗe da tarin shiƙa, wadda Ingila ke yi wa masu ciki tun 2012, ba ta cikin jadawalin gwamnati na yau da kullum a Nijeriya. Nauyin samar da allurar yana kan hukuma, ba kan talaka ba, haka nan dawo da amincin da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ya zubar, wanda ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Akwai kuma wani yanayi da ya fi yawa a karkara fiye da duk waɗanda aka ambata, wato na baligin da bai san ko an taɓa yi masa rigakafi yana jariri ba, babu kati, iyayen da za a tambaya kuma sun riga mu gidan gaskiya. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa shakka ba ta gusar da abin da aka tabbatar, abin da aka tabbatar a nan kuwa shi ne an haifi mutum ba tare da allura ba, saboda haka a kan rashin yi za a gina. Likitoci ma haka suke ɗaukar wanda ba shi da shaida, su fara masa daga tushe: allura ɗaya a zuwan farko, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, sauran biyun kuma da tazarar aƙalla shekara guda a tsakaninsu.